Langar da Na Sayar a Malbaza

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na zauna a bakin shago, wannan ya leƙo ya ce, "Sabi'u, yaya ƙasar Faransanci?" wancan ya ce, "An ce ka yi gadon kanti, yaushe za a kai mu buɗewa?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, musamman da na lura kowa sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai layi na gaba. Shekaranjiya har wani ya tare ni yana yi mini murna, wai na gaji masana'antar siminti. Don haka na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in auna yadi.

Ga wanda bai san ni ba, atamfa nake sayarwa a Kano, a shagon surukina, shekara goma sha shida ke nan. Ba yabon kai ba, in mace ta tsaya a ƙofar shagonmu don ta tambayi hanya, da wuya ta tafi ba turmi a hammata. Mahaifina Malam Mamman, Allah ya jiƙansa, mutumin Malbaza ne, amma a Kano ya yi aure, a Kano aka haife mu, kuma ba mai yawan labarin gida ba ne. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni wani tsoho ya kira wayar Umma yana magana da ƙarfi kamar daga ƙetaren kogi.

"Ya ce sunansa Nomau," in ji Umma. "Wai shagon babanku yana nan. Za a rushe layin a sake gini, kuma ran Alhamis ta sama mutanen hukuma za su zo rubuta sunaye. In magaji bai zauna a ciki ba, sai a ba wa wani."

"Umma, wane shago kuma?"

"Wanda ya bari shekara talatin da biyar da suka wuce. Ni ma sau ɗaya ya taɓa ambata mini shi. Tashi ka je, ko don ka gaida tsohon."

Na tashi, amma da abin da na ƙulla a raina. Zan je in gaishe shi, in yi godiya, in ce mun yafe shagon, in juyo. Me zan yi da kango a ƙasar da ban san kowa ba?

Hanyar Kano zuwa Sakkwato kowa ya san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Daga Sakkwato zuwa bakin iyaka ne aka fara gwada ni. Direban ya cika motar da kwalayen taliya har kujerar baya ta ɓace, sannan ya dube ni ya ce in hau. Haka na yi tafiyar a kan taliya, kaina yana gaisawa da rufin mota a kowane rami, maƙwabcina kuma yana roƙona kada in motsa da yawa, don kayansa ne.

Kafin in bar Kano wata mai sayen kayanmu ta koya mini Faransanci na kwana biyu. Da muka isa wurin jandarma, jami'in tsaron Nijar, na gyara hula, na miƙa takarduna, na sako gaisuwar da na haddace. Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, ya ce, "Bakano, yi Hausa mu gama, akwai mutane bayanka." Da ya ji Malbaza za ni, kuma wai shagon ubana a Layin Ƙarshen Wata, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe akwai sauran masu zuwa can. Ka gaida tsoho mai mabuɗɗai." Ban gane ba, amma na ce zai ji.

A Birnin Ƙonni na kwana, a wani ɗaki kusa da tasha, mai tsabta, sai dai fankar ɗakin tana juyawa ne don sauke nauyi kawai. Da safe na zauna wurin mai shayi na ce a ba ni burodi. Ya miƙo mini wani dogon abu mai tauri, wanda in ka ga dama ka kori akuya da shi. Na danna shi da yatsa yadda muke yi a gida don a ji laushi, bai ko san ina yi ba. Mai shayin ya tsaga shi, ya zuba wainar ƙwai da albasa a ciki, ya ce, "Ci ka gani, Alhaji." Na ci, na ƙara rabi. Ba na so mai burodin unguwarmu ya ji wannan magana, amma gaskiya ce.

Daga Ƙonni na shiga ƙaramar bas. A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, direba ya kashe mota ya ce yana jiran mutum biyu. Mu a Kano da tuni an fara zaginsa da kakanninsa. A nan kuwa kowa ya sauka cikin natsuwa, wasu suka sayi dafaffiyar gyaɗa, wata tsohuwa ta shimfiɗa zane ta miƙe ƙafa. Ni kaɗai nake ta duba agogo, har wani dattijo ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

Malbaza garin siminti ne, tun daga nesa kake hango masana'antar, wadda mutanen garin suke kira uzin. Bakin kwalta cike yake da manyan motoci masu jiran lodi, ga rumfunan kwano birjik, masu nama, masu cajin waya, masu gyaran taya, kowa yana ciniki. Na ce a raina ashe shagon namu ba laifi. Sai na tambayi Layin Ƙarshen Wata, aka nuna mini can baya, aka ce in bi lungu in wuce masallaci, in na daina jin hayaniya na iso.

Dogon gini ne guda mai baranda, da ƙofofin ƙarfe goma sha biyu a jere. Fenti ya koɗe, rufin ya lotsa a wurare biyu, wasu awaki sun mayar da ƙarshen barandar majalisarsu. Amma duk ƙofofin a buɗe suke, kuma gaban kowacce a share tas, har ana ganin sawun tsintsiya. Mutum ɗaya ne a wurin, wani siririn tsoho a kan keken ɗinki, da tarin mabuɗai a igiya rataye a wuyansa. Na yi sallama, ya ɗago ya daɗe yana kallona.

"Ɗan Mamman na," ya ce. "Ba sai ka hwaɗi ba. Kunnuwan ga ko cikin kasuwa ina gane su."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya kama hannuna zai yi mini ta'aziyya, hawaye suka zubo masa. Ban san lokacin da nawa suka biyo ba. Wannan shi ne Baba Nomau tela, abokin mahaifina.

Ya hura gawayi ya ɗora shayi irin nasu, wanda ake sha a 'yan mitsitsin kofuna har sau uku. Na shanye na farko, mai ɗaci kamar magani, na ce Alhamdulillahi na ƙoshi. Ya ce ba a tashi sai an sha na uku, don haka na gyara zama, shi kuma ya ba ni tarihin wurin.

"In anka yi albashi, ɗana, wurin ga ba ka samun inda kaka aza ƙahwa. Shi as sa anka sa mai Layin Ƙarshen Wata. Ma'aikatan uzin su hito, wanga shi ɗinka riga, wancan shi ɗauki hoto shi aika ma iyayenai, wani shi kawo rediyo gyara. Ubanka kau kwanoni shika saidawa. Duk wadda anka kai ɗaki garin ga zamanin nan, da kwanon Mamman anka kai ta."

Daga baya aikin uzin ya ja baya na wani lokaci, ma'aikata suka ragu, masu shaguna suka fara tafiya neman abinci ɗaya bayan ɗaya. Da aikin ya farfaɗo, ciniki bai dawo layin ba, ya koma bakin kwalta wurin manyan motoci, masu albashi kuma suka koyi hawa babur su je Ƙonni sayayya. Yanzu ofishin magajin gari, wanda suke kira meri, yana so a rushe a gina sabuwar kasuwa. Shagon da aka samu da mai shi za a ba shi wuri a sabon gini, wanda aka samu yasasshe a raba wa wasu. Sau biyu na buɗe baki zan ce mun yafe, sau biyu yana miƙo mini kofi. A gidansa na sauka, aka kawo dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, na ci har na ji kunya.

Washegari Talata na bi shi buɗe layi. Ya tsaya a kowace ƙofa, ya zaɓo mabuɗinta ba tare da ya duba ba, ya buɗe, ya gaida mai shagon da suna kamar yana ciki. "Ina kwana, Hassan mai hoto." "An tashi lahiya, Garba mai rediyo?" Sannan ya share. A ƙofa ta bakwai ya kwance mabuɗi daga igiya ya sa mini a hannu.

"Zamna shagon ubanka mutane su ganka. Ni za ni suna ƙauyen nan kusa, ina komowa kahin azahar."

Shagon babu komai sai kantoci na katako, da benci, da wata langa guda a kanta ta tsakiya. Kwano ne mai murfi irin na da, fari mai bakin shuɗi da jan fure, mai nauyi, an goge shi yana ƙyalli. Na ɗauka sauran kaya ne da ba su shiga ba. Na zauna. Awa ɗaya, awa biyu, ba wanda ya gitta sai akuya. Ni da na saba bakina ba ya hutawa daga safe zuwa magariba, sai na ji jikina yana ƙaiƙayi.

Can sai ga wata Bafulatana mai manyan shekaru, da ƙullin kaya a ka, ta ratso ta layin za ta tasha. Idonta ya sauka a kan langar na ɗan lokaci kaɗan, ta ɗauke kai. Wannan ɗan lokacin kuwa ai shi ne abincinmu.

"Inna, ƙaraso mana, kallo kyauta ne."

"A'a, wucewa nika yi."

"To ɗan taɓa ki ji nauyi. Irin wannan an daina yi, Inna. Na yanzu in kika wanke sau uku furen ya bi ruwa. Wannan kuwa jikokinki za su ci a ciki."

Ta sauke ƙullinta. Ta ƙwanƙwasa gindin langar da farce, ta ɗaga ta a rana, ta ce ta yi tsada tun kafin in faɗi kuɗi. Na ji daɗi ƙwarai, na gane na haɗu da gwana. Muka ja, ta yi kamar za ta tafi, na yi kamar na fasa, daga ƙarshe na sallama. Ta naɗe ta a zane ta wuce. Na zauna ina jin kaina, ina cewa shekara da shekaru kaya sun ƙi shiga, Bakano ya zo ya kaɗar da su kafin hantsi ya gama.

Baba Nomau ya dawo da goron suna a hannu. Na tare shi da fara'a na ce, "Baba, albishirinka, an yi ciniki." Bai ce goro ba. Ya wuce ni ya leƙa shagon, ya tsaya yana kallon kantar. Sai na ga ya dafa ƙofa, ya zauna a ƙasa a hankali.

"Ka saida mai gadi," ya ce.

Da ƙyar ya yi mini bayani, shi ma yana mamakin wai akwai ɗan Adam da bai san wannan ba. "Al'adal layin ga ta. Duk wanda za shi tahiya, in da niyyak komowa, shi kan bar abu guda bisa kanta, shi ba maƙwabci mabuɗi. Abin nan shi a mai gadi. Muddin shina nan, shago na da mai shi. Ran da mai shago ko magajinai yaɗ ɗauke, ko yas saida, to ya saki shago ke nan, kowa shaida na. Da wagga al'ada niy yi ta sintiri meri har sunka yarda za su duba ta."

Sai a lokacin na lura da abin da na gani da safe ban kula ba. Shagon mai hoto akwai tsohuwar kyamara guda, na mai rediyo akwai rediyo guda, na mai keke akwai taya guda a rataye. Kowanne a goge.

Na ce, "Baba, abu mai sauƙi. In hau mota in je Ƙonni in sayo wata."

"Mu yi ma wa ƙarya? Duk garin ga an san langam Mamman. Kullum sahiya ni ka goge ta." Sannan ya ce, "Ba laihinka ba na, ɗana. Kayanku na. In kun saki, kun saki."

Abin da na zo yi ke nan, ga shi na yi shi ba tare da na buɗe baki ba. Ya kamata in ji sauƙi. Amma kallon tsohon nan zaune a ƙasa, goro a hannu, ya sa na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Shekara talatin da biyar yana riƙe da amana, ni na watsar da ita cikin rabin awa don kawai bakina ya gaji da shiru. Na ce masa sai na dawo da ita, ko ina ta shiga.

Samun labarin matar bai yi wuya ba, don kafin la'asar duk Malbaza ta ji abin da Bakano ya aikata. Wata mai tallar nono da ake kira Dudu ta zo da kanta ta ce yayarta ce, sunanta Hajjo, ziyara ta zo, kuma ta riga ta hau mota ta koma rugarsu a ƙasar Illela. Illela ta Nijar ake nufi, can arewa, ba tamu ta bakin iyaka ba.

Laraba da sassafe na hau bayan babur ɗin wani magidanci mai suna Illa, wanda ya ce ya san rugar. Muka koma Tsarnawa, muka kama hanyar Tawa, muka karya ta Badagishiri. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai a dama da hagu. Illa mutum ne mai son hira, kuma ba ya iya magana sai ya juyo ya kalli wanda yake yi wa. Na roƙe shi ya bar labarin sai mun sauka, ya juyo ya ce in kwantar da hankalina. Da muka bar kwalta muka shiga yashi, babur ya kwanta da mu a bakin wata ƙorama. Shaddar da na ɗinka don in burge mutanen meri ta tashi daga fara ta koma kalar kunun kanwa. Illa ya kaɗe wandonsa ya ce an yi sa'a, jiya a wurin nan cikin ruwan ya faɗa.

Karnuka ne suka fara yi mana maraba a rugar, na tsaya a bayan Illa don in ba shi girmansa. Inna Hajjo ta fito daga bukka, ta gane ni nan take.

"Mai kwano! Ka biyo ni da wani?"

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nonon da ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Ga langar can a kan gadon kara, an riga an cika ta da man shanu. Na yi gyaran murya na ce kuskure aka yi, ga kuɗinta, har da ƙari in tana so.

"Kai kak kira ni ko ni nik kira ka?"

"Ni na kira ki, Inna."

"Kac ce an daina yin irinta?"

"Na faɗa."

"Kac ce jikokina za su ci ciki?"

"Haka ne."

"To ƙarya kay yi ko gaskiya?"

"Gaskiya ce, Inna."

"Shi as sa ba ni maida ta."

Illa ya fashe da dariya har fura ta sarƙe shi. Shekara goma sha shida ina ɗaure mutane da baki, yau an ɗaure ni da igiyata. Da na ga dabarar kasuwa ba za ta yi ba, sai na ajiye ta. Na ba ta labarin yadda yake, na mahaifina, da mabuɗan nan goma sha biyu, da tsohon da yake gaida shagunan da babu kowa a ciki, da yadda ya zauna a ƙasa jiya. Ta daina murmushi.

"Shekara talatin da biyar shina goge kwanon wani?"

"Kullum safiya."

Ta daɗe tana kallon shanunta. Sannan ta tashi ta ɗauko langar ta ajiye a gabana, da man a ciki.

"Riƙe kuɗɗinka, ban saida ba. Langa tawa ta. Amma ta zamna shagonku ajiya, inda tas saba. Kuma kwano ba shi hita gidana wayam. Man ga ku saida mani, in ya ƙare Dudu ta kawo wani. Tunda bakinka ba shi gajiya, ga aiki na ba shi."

Na rungume langar a cinya tun daga rugar har Malbaza, ina yi wa Illa alkawarin duk labarin da yake so in dai zai kalli gabansa. Muka iso da yamma. Baba Nomau ya buɗe murfin, ya ga mai, ya saurari sharaɗin Inna Hajjo, ya yi ta jujjuya maganar. Daga bisani ya ce ba a taɓa yin haka a layin ba, amma ba a taɓa hanawa ba. Ya goge gindinta da hannun rigarsa ya mayar da ita kanta ta tsakiya.

Ran Alhamis mutanen meri suka zo, wata mata da suke kira Madam da maza biyu. Cikin waɗanda Baba ya yi ta kira a waya, mu shida ne muka amsa, har da wata jikar mai hoto da ta zo daga Maraɗi da goyo. Suka baza wata babbar takarda mai zanen sabuwar kasuwa, bene hawa biyu, da itatuwa, da motoci a jere, da mutane masu tafiya ba wanda yake ɗauke da kaya. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ina barandar da zai sa kekensa. Madam ta ce za a duba. Aka tambaye ta yaushe za a fara, ta ce in an samu abin yin aikin, kuma ba ta ɓoye mana cewa ita ma ba ta san ranar ba.

Suka bi shago-shago. Guda biyar da babu kowa sai mai gadi, ta rubuta su a gefe, ta ce ba a ba wa kowa ba tukuna, amma a ci gaba da neman magada. Da ta iso na bakwai ta rubuta sunana da na mahaifina, sai ta tsaya tana shinshina. Ta ɗaga murfin langar ta ce, "Wanga na saidawa na?" Na dubi Baba, Baba ya dube ni. Na riƙe langar da hannu biyu na ce man na sayarwa ne, amma sai dai ta aika a kawo mata kwanonta. Haka aka yi, kuma ban saki langar ba sai da ta bar layin.

Asabar da safe na shirya komawa. Na share gaban shagon da kaina, na rufe, na je wurin Baba yana kan keke, na miƙa masa mabuɗin. Bai karɓa ba. Ya tsayar da keken ya sa hannayensa a cinya.

"Akwai sauran al'ada guda. Mai ba da mabuɗi shi kan hwaɗi ran da za shi komo. Ubanka nan yat tsaya, daidai inda kake, yac ce mani, Nomau, bayan kaka."

Na dubi mabuɗin da ke hannuna, shi kuma ya ci gaba.

"Ban riƙe shi ga rai ba, Allah shi jiƙanai. Amma ni, ɗana, ba ni da wata shekara talatin da biyar. Hwaɗi mani wadda nika iya jira."

Na tuna ni ne mai rantsuwa a kan turmin atamfa sau hamsin a rana, na kuma san wannan ba irin waccan ba ce. Na ce, "Kafin azumi, Baba, in Allah ya yarda. Da kaya zan zo."

Ya ƙirga watannin da yatsunsa, ya tsaya a na biyar.

"To," ya ce. "Wagga ina iya gwadawa."

Ya karɓi mabuɗin ya zura a igiya, ya ci gaba da ɗinkinsa. Jiya na gaya wa surukina ya fara neman wanda zai tsare masa shago daga watan Sha'aban.